Bugu Biyar na Minzifa

Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufe birnin Kazan, dusar ƙanƙara na sauka shiru. Minzifa na yanka albasa, 'yarta Rezeda na zuba shayi, sai bututun ɗumama ɗaki ya yi ƙara: ƙwan, ƙwan, ƙwan.

"Mashayin nan na sama ne kuma," in ji Rezeda. Ta ɗauki cokali ta rama masa sau biyu.

Wuƙa ta faɗi daga hannun uwar.

Shekara talatin da ɗaya Minzifa ta yi a tsohuwar tashar wuta, wadda tururinta ke bin ƙarƙashin ƙasa yana ɗumama unguwar gaba ɗaya. A can, mai tashi daga aiki yakan buga bututu sau uku. Wanda ya amsa da biyu ya karɓi aiki ke nan, ba shi da tafiya sai an canje shi. Amma yau shekara tara da rufe tashar, tattabaru ne kaɗai a ciki.

Daga ranar gida ya rikice. Kowace magariba gutsattsarin gawayin kwal ke faɗowa daga rufi, a benen da ko murhu babu. Jikin Rezeda ya yi zafi rau, ba ci ba magana. Da an saki hannunta sai ta nufi ƙofa ba takalmi, fuskarta wajen dogon bututun hayaƙin tashar. Maƙwabta suka ce su tashi. Tashi? Minzifa ta ja kujera ta tokare ƙofa, ta aika a kira Malam Gabdulhak, limamin unguwa.

Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin Rezeda ya buɗe. Muryar da ta fito ta tsoho ce, a shaƙe.

"Ta amsa. Sai ta zo ta karɓe ni."

"Kai wane ne?" in ji Malam.

"A tukunyar tururi ta uku ta tashar nake zaune tun kafin a haife ka. Shekara tara ina tsaron wuta cikin sanyi, ba wanda ya canje ni."

"Ban da yarinyar, me za ka karɓa?"

"Ko a canje ni, ko a sallame ni. Bugu biyar. Ba a taɓa buga shi ba."

Malam ya dubi Minzifa, ita kuwa ta kau da kai. Bugu biyar shi ne a kashe wuta, kowa ya tafi gida. Ranar rufe tashar ita ce shugabar masu aikin ƙarshe, manaja ya tsaya a kanta ya ce ta buga. Ta ce wallahi sai dai ya buga da goshinsa, ta sa sifanar da ake bugun da ita a aljihu ta fice. Har yau da wannan take taƙama a unguwa.

"Ashe kai ne aljanin da ke rikita mana ma'aunin tururi, tsohon munafuki?" ta daka masa tsawa. "Wannan yarinyar da ko famfo ba ta iya ɗaurewa za ka ba wa tukunya? Ni ce shugabarka, da ni za ka yi magana!"

"To ki buga mana, shugaba."

Ta jawo sifanar daga ƙarƙashin katifa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don muddin ba ta buga ba, a wajenta tashar ba ta mutu ba.

"Malam, ka shaida. Ba don manaja ba, ba don kuma tsoron wannan ba."

Ta buga bututun ɗakin sau huɗu da ƙarfi har fenti ya ɓare. Na biyar sai da ta haɗa hannu biyu.

"Mun tashi, shugaba," in ji muryar. Rezeda ta yi atishawa, ta ce, "Inna, sanyi nake ji."

Minzifa ta lulluɓe ta da bargo. Sannan ta je taga ta dubi dogon bututun, ta ja labule ta rufe, ta miƙa wa Malam sifanar.

"Tafi da ita, Malam. Na yi ritaya."