Jan Gashin Khairat

A wani ƙauye kusa da Gazara akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Kai, ban taɓa ganin mai son bin diddigi irinta ba!

Wata rana aka kawo sabuwar ɗaliba ajinsu, sunanta Khairat. 'Yan bindiga ne suka kore su daga garinsu.

Da yamma yarinyar nan mai bin diddigi ta ji babanta suna gardama da maƙwabcinsu Mamuda.

"A mayar da baƙin nan! Cuta za su kawo mana," in ji Mamuda.

"Haba Mamuda, kai ka auna su?" in ji Baba.

Wace irin cuta ce? Abin ya tsaya mata a rai.

Washegari ana alwalar azahar, Khairat ta zame hijabi za ta shafi kai. Gashinta ja ne, ga shi ɗan kaɗan.

"Laa! Ga cutar nan!" Yarinyar ta ƙwala ihu.

Yara suka watse. Daga ranar babu mai zama benci ɗaya da Khairat. Bayan kwana uku, Khairat ta daina zuwa makaranta.

Malama Lubna ta kira yarinyar. "Wa ya ce miki cuta ce?"

"Ni dai na gani, Malama."

"To, zo mu tambayi wadda ta sani."

Suka je wurin Anti Indo, malamar asibitin ƙauyen.

"Yunwa ce ta sa gashin ya yi ja," in ji Anti Indo. "Sun daɗe a hanya babu abinci."

"Anti, ana ɗauka?"

"Ko kwano ɗaya kuka ci, ba kya ɗauka."

"Zai koma baƙi?"

"In tana ƙoshi, in sha Allah."

Kunya ta rufe yarinyar. Ta ruga gidan da aka sauke su Khairat. Ta tarar mahaifiyar Khairat tana ɗaure kaya, za su bar garin.

"Inna, don Allah kada ku tafi," ta ce tana kuka. "Ni na faɗi abin da ban sani ba."

Inna ta dube ta. Can ta fara kwance ƙullin.

Da safe yarinyar ta tsaya gaban taron ɗalibai, riƙe da hannun Khairat. Ta maimaita duk abin da Anti Indo ta ce. Ranar har rigima aka yi a kan wa zai zauna kusa da Khairat.

Yara, tambaya abu ne mai kyau. Amma ku kai ta wurin wanda ya sani, kafin ku ɓata wa baƙo suna.