Katin Da Ya Fi Ƙarfin Kyamara

Ranar Talata da hantsi wata tsohuwa ta shigo ofishin 'yan sanda riƙe da hannun rigar wani dattijo mai kyamara a wuya. Ta ce ƙarar sata ta kawo. Sufeto ya ture takardun gabansa, ya nuna musu benci.

Ɗanta birkila ne. Kwana tara da suka wuce ya faɗo daga hawa na huɗu na wani gini, ya cika nan take. Kamfanin ya rubuta cewa shi ya kwance igiyar tsaronsa da ganganci, aka rufe magana. Shi kuwa dattijon, mai ginin ne ya ɗauke shi ya riƙa ɗaukar hoton aiki kowace safiya, kuma ya ɗauki bangon da marigayin yake kai mintuna kaɗan kafin ya faɗo.

"Jikokina ana faɗa musu a makaranta wai ubansu shi ya kashe kansa," in ji ta. "Hoton nan kaɗai zai wanke shi, ga shi wannan bawan Allah ya ce babu."

"Ranka ya daɗe, katin ajiyar hotunan ne ya mutu," Mai Hoto ya faɗa yana kallon ƙasa. "Ko na sa shi, kyamara ba ta ganinsa."

"Ya taɓa barin hannunka, Baba?"

"Ko sau ɗaya."

Sufeto ya juya katin memorin a tafin hannunsa. Shekara ashirin da biyu yana aikin ɗan sanda, ya san wuƙa, ya san sawun ɓarawo, amma wannan ɗan abu mai kamar farce ya sa shi jin kansa baƙauye. Ya yi wa tsohuwar alƙawarin zai duba, ya kuma ji kunyar alƙawarin tun kafin ta kai ƙofa.

A layin masu waya akwai wani mai gyara da kowa ke kira Injiniya, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin takardarsa. Ya zura katin cikin kad-rida, wato 'yar na'urar da ke haɗa kati da kwamfuta, ya duba, sannan ya karɓi kyamarar ya kwashe da dariya.

"Yallaɓai, katin nan lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya. Gig ɗari da ashirin da takwas ne. Ita kuma wannan kakar kyamarori ba ta karɓar abin da ya wuce talatin da biyu. Bai taɓa aiki a cikinta ba, ba kuma zai taɓa ba."

"Ke nan musanya aka yi?"

"Kala ɗaya, tambari ɗaya, lamba ce ta bambanta. Wanda ya yi bai san tsofaffin kyamarori ba. Bar min shi zuwa gobe, in tono abin da aka taɓa gogewa a ciki."

Sufeto ya juya ga Mai Hoto. Dattijon ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Na yi ƙarya," ya ce. "Kad-ridata ta lalace tun bara, ina jin nauyin mai ginin ya sani. Wurin Anti mai shagon kwamfuta nake kai katin ta kwafe min. Ran da abin ya faru ma na kai, na je gaisuwa, da na dawo ta ce kati ya ƙi buɗewa. Idona ba ya ganin ƙananan lambobin nan."

Kafin ya je shagon, Sufeto ya biya ta wurin ginin. An sauke duk katakon da magina ke takawa a hawa na huɗu, an kafa sabo fes. Shugaban leburori, wani ƙato mai jar hula, ya rantse bai ma san ana ɗaukar hoto ba.

"Mutum yana zagaya ku da kyamara wata bakwai, ba ka gan shi ba?"

"Ni aiki nake kallo, Oga."

Leburorin duk suka sunkuyar da kai kan shebur. Sufeto ya tambayi uku, ukun suka ce suna bayan gida a lokacin. Ya san bakinsu a ɗaure yake da abincin 'ya'yansu, kuma ba shi da abin da zai ba su a madadinsa. Ya koma ofis ransa a jagule, ya tarar da saƙo daga sama cewa ya daina ɓata man mota kan fayil ɗin da aka riga aka rufe.

Washegari Injiniya ya kira shi. Hoto ɗaya tak ya tono a katin, kuma ba na gini ba ne. Ƙofar wani shago ce mai shuɗin fenti.

"Masu gaskiya a sana'ar nan haka suke yi," ya ce. "Jabun kati ya yi yawa, don haka kowane sabo sai sun jefa masa hoto sun gwada, su goge, sannan su rataye. Mai shagon nan ba ta cutar kwastoma."

Anti tana shirya fakitin katuna a kan teburin shagonta mai shuɗin fenti lokacin da Sufeto da mutanensa suka shiga. Tsohuwar ta biyo su, ba wanda ya iya hana ta.

"Kin taɓa ganin wannan katin?"

"Na Baba ne. Ya ƙi buɗewa, na mayar masa."

"Kina gwada katunanki kafin ki sayar?"

"Kowane ɗaya," ta faɗa da alfahari. "Tambayi kowa a layin nan."

Sufeto ya ajiye hoton ƙofar shagonta a kan teburin, ya faɗa mata inda aka samo shi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zauna a kan kujera.

"Shugaban leburorin ƙanena ne," ta ce a hankali. "Ni na raine shi. Da na buɗe hotunan sai na ga birkilan ɗaure da igiyarsa, sandar da ya ɗaura igiyar a jikinta kuma da tsohuwar wayar ƙarfe aka ɗaure ta. Ƙanena ne ya sa hannu cewa sandar tana da ƙwari. Bai roƙe ni komai ba, wallahi ni kaɗai na yi. Na zaɓo wa Baba katin da ya fi kowane girma don kada in cuce shi sau biyu."

"Ina na asalin?" Sufeto ya tambaya da sauri, saboda ya riga ya gani da idonsa cewa hoton da aka goge ma ana tono shi.

"Na datsa shi da almakashi, na zuba a kwata."

Sufeto ya rubuta bayaninta kalma bayan kalma, yana sane da cewa lauyan kamfani zai ce maganar mai laifi ce, babu hoto, babu katako. Bai san da wane baki zai faɗa wa tsohuwar haka ba, sai ya ɓoye fuskarsa cikin fayil.

Wata 'yar sanda ta sa wa Anti ankwa. Suna kaiwa ƙofa tsohuwar ta tare hanya. Kowa ya zaci mari za ta kai.

"'Yar nan," ta ce, "ke kaɗai kika ga ɗana a hotonsa na ƙarshe. Yaya yake?"

Anti ta fashe da kuka.

"Ya juyo yana ɗaga wa Baba hannu, Mama. Dariya yake yi."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta matsa gefe, aka wuce da ita.