Ƙidayar Sallau

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Labarin yayana Sallau ne, Allah Ya ji ƙansa.

Sallau matuƙin kwale-kwale ne a gandun tsuntsayen bakin tafki. Duk shekara in sanyi ya shigo, agwagin ruwa sukan zo daga ƙasashe masu nisa su rufe ruwan, baƙi kuma su biyo su da madubin hangen nesa suna ƙirgawa. Shi ke kai su ko'ina, ban da Tsibirin Gawo. A can ba a ƙirga tsuntsu. In an tambayi masunci nawa ya gani, amsa ɗaya ce: da yawa, Allah Ya ƙara.

Wata shekara shugaban gandun ya ce baƙi na son adadin tsibirin. Su dai ba za su shiga wannan sanyin ba, Sallau zai je. Sallau ya ce ranka ya daɗe, wurin yana da masu shi. Shugaba ya yi dariya, ya ce in tsoro yake ji ya ajiye sandar tuƙi, masu neman aikin sun cika ƙofa. Sallau ya tuna bakuna bakwai da ke gidansa. Ya karɓi madubin.

Da asuba ya tafi, shi kaɗai. Ruwa shiru. Bai iya lissafin zuci ba, sai ya riƙa ƙirgawa a fili, goma-goma, yana lanƙwasa yatsu. Yana gamawa ya ga wani tsoho tsaye cikin ruwa. Ruwan iyakar idon sawunsa. Sallau ya zura sanda a wurin, ba ta taɓa ƙasa ba. Ya sake dubawa. Gwiwoyin tsohon baya suka lanƙwashe, irin na zalɓe.

"Nawa ka samu?"

Tsohon yana gabansa, muryar kuwa daga bayan kunnensa ta fito. Sallau ya san amsar da ake bayarwa. Amma adadin na kan harshensa, yana tsoron ya manta.

"Dubu biyu da ɗari uku da tara."

"Da goma ne. Ɗayar gobe shaho zai ɗauke ta, shi ya sa ba ka gan ta a lissafi ba. Ka iya ƙidaya. Na bar maka ita."

Da ƙyar ya kawo kansa gaci. Baƙi suka rubuta adadin, suka shiga mota.

Da rana iyalinsa na cin abinci, idonsa ya ƙirga su da kansa. Shida. Ya sake. Shida. Ga 'yarsa Delu a gabansa tana suɗar hannu, amma lissafin yana tsallake ta. Kwana uku, zazzaɓi ya ɗauke ta.

Daga ranar ya naɗe idonsa da rawani. Aikin da ya je karewa ya tafi, don ba mai shiga jirgin makaho. Daga gandun ba wanda ya zo ko gaisuwa. Shekara uku bai ga fuskar 'ya'yansa ba, sai dai ya shafa kawunansu.

Wata safiya yana alwala rawanin ya zame. Muna tsakar gida duka. Na ga leɓensa na motsi. Sai ya dube ni, ya yi murmushi.

"Kun cika, Tanimu. Ni ne babu."

Ranar Juma'a muka kai shi.

In sanyi ya shigo, kada ɗayanku ya bi ta tsibirin nan shi kaɗai.