Kwanso Mai Koren Ɗigo

Ƙarfe takwas na safe aka kira Insifekta Wade Lindqvist: an tsinci gawar Orrin Tackett, shugaban ƙungiyar kare 'yancin riƙe bindiga ta gundumarsu, a ɗakin taron filin harbi.

Harsashi ɗaya ne a ƙirji. Gefen kujera ga kwanson harsashi, da ɗigon koren fenti a gindinsa.

Wade ya san ma'anar ɗigon. Duk ɗan ƙungiyar nan yana da launinsa, don in an gama harbi kowa ya tsince kwansonsa ya sake ɗurawa a gida. Kore kuwa na Shelby ne, 'yarsa tilo, wadda ta shiga ƙungiyar wata biyu da suka wuce.

Shugabansa a ofishin 'yan sanda bai ɓoye masa ba. "Azahar na yi zan karɓe binciken daga hannunka. Daga nan sai yadda alƙali ya ce."

A ɗakin tambayoyi ya tarar da Shelby, idanu sun kumbura.

"Ina kike ƙarfe bakwai na safiyar nan?"

"Ina gida, Baba."

"Wa ya gan ki?"

"Ba kowa. Baba, rabona da filin tun Asabar, ranar da ruwa ya kore mu. Ko kwansona ban tsaya tsincewa ba. Kai ma ba ka yarda da ni ba?"

Shi ya hana ta shiga ƙungiyar, ita ta ƙi ji, ga shi yau ko ya ce "ai na faɗa miki" bakinsa ya ƙi.

A mota ya ɗaga ledar shaida yana juya kwanson. Busasshiyar laka ce cunkushe a ciki. Ya shinshina, ba ƙaurin albarushi. Wannan ya yi kwanaki a waje. Saura sa'a biyu.

Wanda ya kira 'yan sanda shi ne Clete Burdette, mai koyar da ƙa'idojin harbi, shekara talatin yana yi wa mutane tsawa a kan ganganci. Wade ya same shi zaune ƙarƙashin allon da ya rubuta da hannunsa: KOWACE BINDIGA DA HARSASHI A CIKINTA.

"Yaushe ka iso?"

"Takwas saura. A kwance na same shi."

"Wa ya share filin bayan ruwan Asabar?"

"Ni mana, na tara kwanson a bokiti. Yaran yanzu ai sai ka bi su da tsintsiya." Ya girgiza kai. "Shelby sabuwa ce, Wade. Kuskure ne, kotu za ta sassauta mata."

Wa ya ce masa kuskure ne? Wade ya zaro wani tsohon kwanso daga aljihunsa, ya sake shi kamar ya suɓuce. Kafin ya gama gangarawa Clete ya sunkuya, ya cafke, ya jefa a aljihun falmaransa. Hali zanen dutse. Can cikin aljihun wani abu ya ce ƙyas.

"Juye aljihun, Clete."

Kwanso biyu suka faɗo kan tebur. Na biyun jan ɗigo ne, launin Clete, har yanzu yana ƙauri.

Clete ya kalli jan ɗigon. "Ban ma san na ɗauka ba."

"Yi magana."

"Sabuwar bindigata nake nuna masa. Na rantse na ɗauka ba komai a ciki." "Gobe za mu kai koke majalisar gunduma kada su rufe filin. A ce malamin ƙa'ida ne ya harbe shugaba? Mun gama yawo. In sabuwa ce, kowa zai ce tsautsayi."

"Kawu take ce maka. Kai ka koya mata riƙon bindiga."

"Kwansonta ne a saman bokitin, shi na ajiye gefen kujerar," in ji Clete, kansa a ƙasa.

Wade ya sa masa ankwa, aka fita da shi.

Azahar saura minti goma ya buɗe ɗakin tambayoyi. "Tashi mu tafi gida."

Shelby ba ta motsa ba. "Da na ce maka ina gida, ka yarda?"

Wade ya riƙe mata ƙofa. Ta ɗauki rigarta ta wuce shi.