Kek ɗin Ranar Juma'a

A bayan ɗakin wasanni na makarantar garinmu, can gaɓar yammacin Denmark, Asger ya fara ganin Solvej. Tana tsaye cikin yayyafi, tana cin burodinta tana share hawaye.

"Yaran aji bakwai ne suka sa ki kuka?" ya tambaye ta.

"A goshina aka rubuta?"

"A idonki. Ni ma nan na tsaya bara, iska ba ta kaiwa nan."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Shi kuwa tun daga lokacin zuciyarsa ta daina jin maganarsa.

Sabuwar malama ce, ta fito daga kwalejin horar da malamai a birni da sakamako mai kyau. Shi ɗan gari ne, ɗan masunci, yana koyar da lissafi a ajin da ke jikin nata, yana jin hayaniyar yaranta ta bango. Kullum in an tashi sai su taka zuwa tashar jiragen ruwa. Yana ce mata 'Yar Birni, tana ce masa Sarkin Kifi.

Mahaifinsa, tsoho Verner, bai so ba.

"Malaman birni da kaka suke zuwa, kafin Kirsimeti sun tattara," ya ce yana jera kifi a murhun hayaƙi. "Ka sa ranka a kan wadda akwatinta ke bakin ƙofa?"

"Baba, wannan daban ce."

"Duk haka ake cewa."

Kuma akwai Troels, abokin karatunta da ya gudu daga koyarwa ya shiga kamfanin buga littattafai. Ya tanadar mata aiki a birni, ga shi da alama ba aikin kaɗai yake tayi ba.

Abin da ya ɓata tsakaninta da yaran ƙarami ne, in ka ji shi daga nesa. Kowace Juma'a aji na da sa'a guda tasa: a zauna a kewaye, a ci kek ɗin da gidan wani ya toya, a faɗi abin da ke damun kowa. Solvej ta ga sun yi baya a manhaja, sai ta soke sa'ar ta mayar da ita ta nahawu. Yaran suka daina amsa mata ko gaisuwa.

"Kin taɓa abin da ba a taɓawa," Asger ya ce mata. "Har a kantin burodi zancenki ake."

"Kai ma kana cikinsu ke nan? Shekara da shekaru ina karatu, ba wanda ya koya mini kek."

Ta juya ta tafi. Da yamma saƙonta ya shigo:

"Troels na jiran amsata ranar Litinin. Wataƙila mahaifinka ya fi ka gani."

Asger ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, sannan ya tura:

"'Yar Birni, ban iya magana ba, ki yafe mini. Ba na cikin kowa sai ke. In za ki tafi ba zan tare ki ba, amma ki ba su Juma'a ɗaya. Ni ma ki ba ni."



Ranar Juma'a Asger ya ba yaransa aiki, ya tsaya kusa da bangon da ke tsakanin ajinsa da nata. Ya ji ana jan kujeru. Sai shiru, irin wanda bai taɓa ji daga ajin nan ba, har ya fara zaton ta fita ta bar su. Can sai dariya ta ɓarke.

Bayan an tashi ya tarar da ita a bayan ɗakin wasanni, riƙe da faranti, da ragowar wani baƙin abu a ciki.

"Mene ne wannan?"

"Kek ne, ka kiyaye bakinka. Ni na toya."

"Sun ci?"

"Sun ci tsakiyar. Wata ta ce kakarta za ta koya mini kafin in kashe wani." Ta sunkuyar da kai. "Ka san me? A kwaleji akwai wata tsohuwar malama da ke sa mu yi tambaya ɗaya, mu kama bakinmu har sai an amsa. Muna yi mata dariya, muna cewa ɓata lokaci ne. Yau na ce musu na yi kuskure, na tambaye su me na rasa sani game da su, na yi shiru. Gumi har bayana. Sai suka fara magana."

"Ashe dai an koya miki."

"An koya mini. Ban san inda zan yi amfani da shi ba ne, sai da wani mai wari kamar kifi ya nuna mini."

"To, Litinin fa?"

"Litinin ina da nahawu da aji bakwai, Sarkin Kifi. Mun yi baya sosai."

Kirsimeti ta zo ta wuce, Solvej na nan. Verner da kansa ya kai mata kifi mai hayaƙi, ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙen ciki.

"Ina akwatin?"

"Yana ƙarƙashin gado, Baba."

"To, ya zauna can."

Da bazara aka ɗaura aure a cocin da ke kallon teku. Tsohuwar malamar kwaleji ta zo da sandarta, amarya ta rungume ta tana godiya. Aji bakwai suka shigo a jere, kowane gida da kek ɗinsa, bisa sharaɗin amarya ba za ta kusanci murhu ba.

Verner ya miƙe da kofi a hannu.

"Na ce ba za ta kai Kirsimeti ba. Ban taɓa jin daɗin ƙaryata ni kamar yau ba. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'yan da za su wahalar da malaman wasu."

Solvej ta matse hannun Asger a ƙarƙashin tebur, ya matse nata.