Takarda Mai Lamba Arba'in da Bakwai

"Ɓarawo ya ɗauke takardar nan, Sufeto, ba ɓera ba," in ji Madam Magdalena, shugabar masu duba gasar insha'i ta 'yan sakandare.

Sufeto Riskuwa ya dubi kabad ɗin ofishin da ke Nasarawa, Birnin Kebbi. Ba a ɓalle kwaɗo ba.

"Takardar wa?"

"Lamba arba'in da bakwai. Hanifa Tamba, ɗiyar wani masunci a Argungu. Da hannuna na ba ta arba'in da huɗu cikin hamsin. Yau jadawalin maki ya ce ashirin da ɗaya. Lamba goma sha biyu kuma, da ko sahun gaba bai shiga ba, ya tashi da arba'in da shida."

"Mi ake ba wanda ya ci?"

"Karatun jami'a kyauta. Jibi za a miƙa suna."

Makullan kabad ɗin biyu ne: nata da na Malam Atiku, sakataren kwamiti. Sufeto bai cire kowa daga zargi ba.

"Yaya kuke raba makin?"

"Gida huɗu. Ma'ana goma, tsari goma, sarrafa harshe ashirin, ƙa'idojin rubutu goma. Da can ma'ana ke da ashirin, harshe goma. Ranar Litinin muka juya su a taron daidaita maki."

Sufeto ya bi layin lamba goma sha biyu da yatsa: sha takwas, tara, goma, tara. Ya naɗe jadawalin ya sa aljihu.

Malam Atiku ya tarbe shi da fara'a.

"Ka halarci taron Litinin?"

"Awo, yallaɓai. Ga hannuna cikin rajista."

Sa hannun yana nan, na ƙarshe, a matse can ƙasan shafi.

"Ka san mai lamba goma sha biyu?"

"Mu lamba muke gani, ba suna ba."

Washegari Sufeto ya tafi Argungu. Mai lamba goma sha biyun wani ɗalibi ne a can, Abbas, ɗan Alhaji Sunusi dillalin albasa. Ya sami Alhajin a rumfarsa ana ɗinke buhuna.

"Ka san Malam Atiku?"

"Mijin ƙanwata? Ranar Litinin nan ya wuni, sunan jikana. Shi ya raba goro, bai tafi ba sai bayan la'asar. Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Da ya koma Birnin Kebbi ya zaunar da Atiku gaban Magdalena.

"Malam, ni ɗan sanda ne, ban san aikinku ba. Yaro ya yi rubutu mai ma'ana ƙwarai, iyakar makinsa a gidan ma'ana nawa?"

"Ashirin."

"Ka tabbata?"

"Shekara goma sha biyar ina wanga aiki, yallaɓai. Ko cikin barci aka tashe ni."

"Goma ne," in ji Magdalena. "Tun Litinin."

Sufeto ya shimfiɗa jadawalin a kan tebur.

"Mutum bakwai suka zauna taron, duk sun san goma ne. Wanda ya sake rubuta shafin nan ya ba Abbas sha takwas a gidan da ba ya ɗaukar fiye da goma. Mutum ɗaya ne bai ji an canza ba. Yana Argungu yana rabon goro."

Atiku ya cire hularsa, ya mayar.

"Uwargida ta matsa mani. Ɗan wanta ne. Na ce ɗiyar masunci, wa zai bi mata kadi?"

"Ina takardar?"

Tana but ɗin motarsa, ƙarƙashin tayar safaya. Jan biron Magdalena na nan a kusurwa: arba'in da huɗu.

Sunan Hanifa aka miƙa ranar Juma'a. Atiku kuwa an kore shi daga aiki, kotu ta ɗaure shi wata goma sha takwas, babu zaɓin tara.