Tallar da Aka Mayar

Insfekta na shirin fita cin abincin rana wayar teburinta ta yi ƙara. An fasa wani ofis a saman benen shaguna, an rotsa wa mai ofishin kai, an ɗauke kwamfutarsa. Ta ture kujera, ta ce wa Sajan ya kawo mota.

Ofishin ɗaki ɗaya ne: tebur, kujeru biyu, fanka, da jini a kan tayil. Mai gyaran waya da ke maƙwabtaka shi ya tare su.

"Edita muke ce masa, ranki ya daɗe. Shafin intanet gare shi, na labaran 'yan fansho. Tsofaffi sun yarda da shi kamar me."

"Wa ya tsince shi?"

"Yayan matarsa. Shi ya ɗauke shi zuwa asibiti."

"Wa ka ga ya shigo yau?"

"Wani tsohon direba, da safe. Jiya ma ya zo, ya yi ta zage-zage. Da rana kuwa janaretana ke ruri, ko bene ya faɗi ba zan ji ba."

Insfekta ta durƙusa gaban ƙofar. An ɓalle katakon da ƙarfe, amma harshen makullin na ciki, bai ko lanƙwashe ba. Wayar Edita na nan a kan tebur.

"Sajan, wane irin ɓarawo ne zai fasa ƙofar da take a buɗe, ya bar waya?"

"Wanda yake so mu ce ɓarawo ne," in ji Sajan.

A barandar asibiti suka sami matar Edita, idonta ya kumbura. Kusa da ita wani mutum ne mai tsaftar kaya, yana riƙe da jakarta. Shi ne yayan nata. Likita ya ce Edita bai farfaɗo ba tukuna.

"Mijinki yana da abokin gaba?"

"Ba shi da ko ɗaya, sai da tallar nan ta zo," in ji matar. "Wani dillali ya kawo masa tallar kuɗin intanet, kirifto. Wai ka saya, ya ninka. Ya sa a shafi. Tsofaffi suka ga a shafinsa ne, suka zuba abin da suka tara. Ashe damfara ce. Ko abinci maigidana ya daina ci. Yau da safe ya cire tallar, ya rubuta gargaɗi, ya ce gobe zai je wajenku."

"Direban nan ne," Yaya ya katse ta. "Kowa ya ji shi yana cewa sai ya ga bayansa."

"Kai me ya kai ka ofishin?"

"Gaisuwa. Na tarar da ƙofa a fashe, shi a ƙasa."

"Ka san harkar shafin?"

Ya yi dariya. "Ni da ko saƙon waya sai 'ya'yana sun rubuta min? Kayan gini nake sayarwa." Ya dafa kafaɗar ƙanwarsa. "Ki kwantar da hankalinki, komai a tafin hannu yake."

Insfekta ta kalli rigarsa. Fes take, ba ɗigon jini.

"Na canza ta," ya ce, tun kafin ta tambaya.

Tsohon direban yana zaune a ƙofar gidansa yana gyara rediyo. Da ya ga kaki, sai abin kwance ƙusa ya faɗi daga hannunsa.

"Baba, ka je ofishin Edita yau?"

"Ban je ba. Tun jiya rabona da shi."

"Maƙwabcinsa ya gan ka."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na je, 'yata. Tsoro ne ya sa na yi ƙarya, don na ji abin da ya same shi. Jiya na zage shi, ban musa ba. Kuɗin sallamata kaf na zuba. Amma yau shi ya kira ni. Ya zaunar da ni, ya nuna min gargaɗin da ya rubuta, ya ce gobe mu je caji ofis tare. Mutumin da zai kai ni inda za a kwato min haƙƙina, shi zan kashe?"

"Nuna min gargaɗin."

Ya lalubo wayarsa, ya buɗe shafin, sai ya yi turus. Babu gargaɗi. A saman shafin tallar ce, da haruffa masu walƙiya da lambar waya.

"Wallahi da idona na ga ya cire ta."

Insfekta ta karɓi wayar. Mutum na kwance bai san inda kansa yake ba, amma shafinsa na aiki.

"Baba, wa ka yi magana da shi lokacin da ka zuba kuɗin?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Saƙo kawai yake rubutowa." Ya nuna mata. Saƙonnin duk daɗin baki ne, na ƙarshen yana cewa: Baba ka kwantar da hankalinka, komai a tafin hannu yake.

Insfekta ta miƙa wa Sajan wayar. Ya karanta, ya ɗaga gira.

Dillalin tallar, wanda ake kira Nan-take, ba shi da ofis. A wani shagon aski suka kamo shi, an aske masa rabin kai.

"Wa ya ba ka tallar kirifton da ka kai wa Edita?"

"Wani kamfani ne na ƙasar waje, ranki ya daɗe."

"Sunansa? Adireshinsa?"

"Ai irin waɗannan ba sa..."

"Mutum na kwance rai a hannun Allah. In ya cika, kai ne na farko a takardata."

Nan-take ya share gumi da tawul ɗin wanzami. "Babu wani kamfani. Wani ne ya kira ni a waya, ya ce in kai tallar da sunana, zai ba ni la'ada. Ban san fuskarsa ba."

"Me ya hana shi kaiwa da kansa?"

"Na tambaye shi. Ya ce Edita ba ya haɗa sana'a da dangi. In ya san tasa ce ba zai karɓa ba."

"Ka san damfara ce?"

"Ban tambaya ba."

"Za ka tambaya a sel. Sajan, a kai shi, a kuma bar masa askinsa haka."

Kafin la'asar sakaliya Insfekta ta koma asibiti. Yaya ya sauka sayen magani, ta sami matar ita kaɗai.

"Wa ya san kalmar sirrin shafin?"

"Shi kaɗai. Sai Yaya. Bara da aka yi wa maigidana aikin ido, Yaya ne ya riƙe masa shafin har ya warke. Ai ya iya kwamfuta sosai."

"Ɗazu ya ce ko saƙo ba ya iya rubutawa."

"Ni ban ji me ya ce ba. Hankalina ba ya jikina."

Yaya ya dawo da leda a hannu. Insfekta ta nuna masa benci, ta zauna kusa da shi. Sajan na can ƙarshen baranda, ya juya baya, yana danna waya. Tun a hanya ta umarce shi ya aika saƙo zuwa lambar da ke jikin tallar, ya ce shi ɗan fansho ne, an biya shi yau, yana so ya zuba duka.

"An kama direban?" in ji Yaya.

"Muna kan bincike."

Wani abu ya yi gurnani a aljihun wandonsa. Wayarsa kuwa tana hannunsa, shiru. Ya gyara zama. Abin ya sake yin gurnani.

"Bari in zaga," ya ce.

Bai jima da shiga banɗaki ba Sajan ya taho, ya nuna wa Insfekta fuskar wayarsa. An amsa: Madalla Baba, turo yanzu kafin farashi ya tashi.

Da Yaya ya fito, su biyun na tsaye a bakin ƙofa. Insfekta ta danna kiran lambar tallar. Aljihunsa ya ɗauki ruri.

"Fito da ita."

"Ta wani abokina ce, ajiya ya ba ni."

"Abokin naka ne ya amsa saƙo daga cikin banɗaki? Ba ni makullin motarka."

Sajan ya sauka, ya dawo da kwamfutar Edita, da wata riga a dunƙule cikin leda, da guntun ƙarfen rodi. Duk a ƙarƙashin tayar safaya ya same su.

Yaya ya jingina da bango, ya zame har ƙasa.

"Shagona ya karye tun bara, ba wanda ya sani," ya ce. "Da na riƙe masa shafin na ga yadda tsofaffin nan ke bin maganarsa ido rufe. Na ce in juya kuɗinsu kaɗan, in mayar. Yau na je in roƙe shi ya bar tallar ko na mako ne. A gabana ya kira lambar, ta yi ƙara a jikina. Ya kalle ni, ya ce sai ya faɗa wa ƙanwata kafin ya faɗa wa 'yan sanda. Ya juya zai ɗauki waya. Ban san lokacin da na ɗaga kujera ba."

"Sannan ka fasa ƙofa, ka mayar da tallar."

"Akwai waɗanda suka ce za su turo yau."

Matar Edita na tsaye a bayansu, ta ji komai. Yaya ya ɗago kai.

"Auta, ki yi musu magana. Ni fa na kawo shi asibiti."

"Kai ka kawo shi, Yaya," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ka zauna kusa da ni tun rana kana cewa direba ne."

Sajan ya ɗaga shi, ya sa masa ankwa. Sun nufi matakala ke nan matar ta biyo su da sauri, ta riƙo hannun Insfekta.

"Ranki ya daɗe, ku bi da shi ta ƙofar baya. Innarmu na hanya, ta taho duba surukinta. Kada ta gan shi haka a bakin get. Ni zan faɗa mata da bakina."

Insfekta ta dube ta, ta gyaɗa kai. Ta yi wa Sajan alama, suka juya da shi ta wajen ɗakin wanki.